“Bayan doguwar jinya”: wa ya tsawaita ta?

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Maraɗi ko na Damagaram ya hardace yadda ake jera ta. A fara da sallallami, a ambaci iyalan wane da iyalan wane, na Yamai da na Kano da na Makka, sannan a zo kan sunan mamaci a ce ya rasu ranar kaza “bayan doguwar jinya”. Daga nan sai lokacin jana'iza da gidan da za a yi zaman makoki. Kalmomin nan uku sun zama kamar hatimi, da an buga su an rufe takarda. Ba mai tambayar wace cuta ce, ba mai tambayar shekara nawa aka yi ana fama, balle a tambayi da kuɗin wa aka yi jinyar, ko ranar da kuɗin suka ƙare.

Watan jiya an buga wannan hatimi a kan wani mutum da na sani, ma'aikacin wata ƙaramar hukumar karkara a jihar Maraɗi, wanda ya riƙe ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa kusan shekara 20. Ba zan kama sunansa ba, ba zan faɗi garin ba. Iyalinsa na cikin takaba da makoki, kuma in na kama sunan gari ɗaya, sauran ƙananan hukumomi za su yi ajiyar zuciya su ce ba da su ake ba. To da su ake. A garin kowa “Sakatare” yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Abin da zan faɗa kuwa ba zai yi wa wasu daɗi ba: hawan jini da ciwon sukari ne suka kayar da Sakatare, amma ma'aikatar da ya yi wa bauta ita ta riƙe musu ƙafafunsa.

Mutanen birni da dama ba su san nauyin da irin wannan ma'aikaci ke ɗauke da shi ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 24 ga Yuli 2004, zamanin Tandja Mamadu, aka fara da 265 a faɗin ƙasa. Da yawa daga cikin na karkara a ɗakin aro suka buɗe, tebur ɗaya da benci da tuta. Tun daga nan magadan gari ke zuwa suna wucewa: na 2004, na 2011, na zaɓen Disamba 2020, har aka kai Afrilu 2024 aka rushe majalisun baki ɗaya aka naɗa kantomomi. Kowa ya zo da mutanensa, ya tafi da mutanensa. Wanda bai motsa ba shi ne mutumin da ke zaune bayan rajista. Shi ya san wane ƙauye ke ƙarƙashin wane hakimi, wane maigari ke kawo takardun haihuwa a kan lokaci, wane ne sai an bi shi har gona. Sabon shugaba in ya zo, watansa na farko a hannun Sakatare yake, kamar baƙo da mai masauki, ko da yake a bainar jama'a shi ake yi wa kirari.

Na san shi lokacin da nake riƙe da wata makarantar firamare a yankin. Kowace shekara in jarrabawa ta matso, sai a tarar da rabin aji ba su da takardar haihuwa. Iyaye ba su kai rahoto cikin wa'adi ba, kuma da wa'adi ya wuce, magana ta bar hannun ma'aikatar magajin gari ta koma hannun alƙali. Dokar 2019 ta sa wa'adin kwana 60, amma wanda aka yi wa haihuwa a tsakiyar damina, ga noma ga hanya ta yanke, kwana 60 kamar kwana uku ne a wurinsa. Sai Sakatare ya ce mini: “Mushe, kada ka riƙa kawo mini su ɗaiɗai. Tara sunayen duka, da na uba da na uwa, ranar kasuwa in tafi da su.” Ya ɗaure takardun a bayan mashin, ya zuba mai daga aljihunsa, ya nufi kotu a babban garin gunduma. In ya dawo ya zauna da dare da fitilar hannu yana cike rajista. Yana da wata ɗabi'a da ban gani wurin kowa ba: in ya rubuta suna sai ya karanta wa mai shi da ƙarfi, harafi bayan harafi, don ya san Mahamadou da Mamadou da Mamane mutum uku ne a idon takarda, kuma harafi ɗaya na iya sa yaro ya yi asarar shekara ko a hana shi shiga aikin soja. Yaran nan yau wasu malaman makaranta ne, wasu jandarmomi, wasu ungozomomi a asibiti. Sunan da ke jikin katinsu na ɗan ƙasa da hannunsa aka fara rubuta shi.

Ciwon ya fara ne yadda ya saba farawa, wato ba tare da ciwo ba. Ya raka mai ɗakinsa asibitin CSI, majo ya ce tunda ka zo bari in gwada ka, aka ɗaura masa abin awo a dantse, tansiyo ya nuna 18. Wanda ke da lafiya bai kamata ya riƙa wuce 14 da 9 ba. Aka rubuta masa magani, aka ce kullum ƙwaya ɗaya, ya rage gishiri, ya dawo bayan wata. Bayan ƴan shekaru sukari ya zo ya tarar da shi.

A nan nake so mai karatu ya tsaya, don nan ne dukan zancen yake. Maganin hawan jini da na sukari ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha kwana uku a huta. Kullum ne, har ƙarshen rayuwa. Amlodipin da metformin da makamantansu tsofaffin magunguna ne, ba su da tsada in an gwada da abin da suke karewa. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a yanke. Albashin Sakatare kuwa yankewa ita ce al'adarsa. A biya wata biyu, a yi shiru wata uku, a ba da rabin wata ana gobe salla. Saboda haka shan maganinsa ya bi sawun albashinsa: watan da aka biya ya saya, watan da ba a biya ba hatsin gida ya fi ƙwaya muhimmanci, tunda yunwar yara tana magana, hawan jini kuwa bebe ne. In kai ya sara, ga masu tallar magani nan a kan tire bakin kasuwa, dala goma a ba ka diklofenak ko ibuprofen, kan ya lafa, aiki ya ci gaba. Waɗannan ƙwayoyin kashe zafi, ga mai hawan jini da sukari, ƙodarsa suke ci a hankali. Ita kuma ƙoda ba ta kuka da wuri. Tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum yana yawo yana dariya. Gwajin fitsari da ɗan tsinken takarda, da gwajin jini na kireyatinin sau ɗaya a shekara, sun isa su tona asirin tun da sauran dama. A shekarun da ya yi yana aiki, ba wanda ya taɓa tura shi ya yi ko ɗaya.

Sai aka shiga ƙarshen 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, magani ya yi wuya a kantuna ya kuma yi tsada. Kafin a ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, masu irin wannan ciwo da yawa sun yi watanni suna kame-kame. Bayan nan ne ƙafafunsa suka fara kumburi, fuska ta tasa da safe, abinci ya fita ransa. Nan take masu bayani suka fito. Wai jifa ne, tunda yana zama cikin kwamitin sasanta rikicin gonaki kuma ba kowa ke jin daɗin hukunci ba. Wai ya taka sammu a bakin ofis. Aka kawo jiƙe-jiƙe a jarka daga masu lasifika a kasuwa, waɗanda ke rantsuwa kwalba ɗaya tana maganin sukari da tansiyo da basir da sanyin mata gaba ɗaya. Wallahi ina mamakin yadda ake karɓar kuɗin tikitin kasuwa daga hannun waɗannan mutane kowane mako, a yanka musu rasit, amma ba mai tambayar abin da ke cikin jarkar. Lokacin da aka kai shi babban asibiti aka yi gwajin da ya kamata a yi shekaru biyar baya, likita ya ce ƙodojin sun gama aiki, sai wankin ƙoda.

Wankin ƙoda kuwa ba a yin sa a CSI, ba a yin sa a asibitin gunduma. Shekaru da dama asibitin Lamorde na Yamai kaɗai ke yi wa ƙasar nan baki ɗaya, kafin a samu wasu wurare kamar babban asibitin Damagaram. Injina kaɗan ne, masu jira da yawa. Ana zama awa huɗu a kan inji, sau biyu ko uku a mako, ba hutun salla ba hutun damina. Ma'anarsa mutumin ƙauye ya bar gidansa ya tare a birni, shi da mai jinyarsa, su ci su sha su biya wurin kwana ko su zama nauyi a gidan dangi. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Aka sayar da tumaki, aka sayar da mashin ɗin da ya yi shekaru yana jigilar takardun ƴaƴan mutane, aka jinginar da gona.

Kafin a kai ga gonar ya nemi haƙƙinsa. Ba taimako ya roƙa ba, albashinsa da aka riƙe ya nema. Aka ce ya rubuto takarda. Ya rubuta, kuma tunda shi ke shigar da wasiƙun da suka iso ma'aikatar, shi da kansa ya buɗe littafi ya ba takardarsa lamba ya buga mata kwanan wata. Amsar da ya samu a baki ce: “Sakatare, ai kai ka fi kowa sanin asusun nan. Yi haƙuri a shiga kaka, lanho ya shigo.” Ya ce: “To, ranka ya daɗe, Allah ya kai mu.” Kaka ta zo ta wuce.

Ranar addu'ar uku tawagar ma'aikatar ta zo cikin kat-kat, da buhun shinkafa da ambulan. Aka yi jawabi, aka ce an yi babban rashi, an rasa ginshiƙi, gurbinsa ba zai ciku ba. Duk gaskiya ne. Amma akwai al'ada mai kyau da muke da ita a wurin makoki, wadda wani dattijo cikin dangi ke miƙewa ya ce duk wanda ke bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, don kada a bar shi da nauyi a kabari, wanda kuma marigayi ke bi, shi ma ya ji tsoron Allah ya kawo wa magada. Mai shayin bakin ma'aikata ya ce yana bin sa jika biyu da ƴan kai, ya yafe. Mai kantin da ke ba gidan sabulu da mai bashi ya ce shi ma ya yafe. Wani manomi ya zo da dala ɗari huɗu ya ce Sakatare ya ranta masa bara a tasha. Waɗanda ke riƙe da albashinsa na wata 9 suna zaune a sahun gaba kan darduma, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai albashin wata ɗaya ba, kuma a matsayin kyauta aka miƙa shi, har aka yi musu godiya da addu'a.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an fara faɗa. Za a ce kwana ne ya ƙare, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a Faransa yake sai ya tafi. Ban yi musu ba. Sai dai ina lura da cewa masu saurin tuna mana da ajali, in nasu tansiyon ya hau, ba su zama a tabarma su jira shi. Kilinik suke nufa a Yamai, in ta ƙi a ji su a Tunis ko Maroko ko Indiya. Ajalin talaka ne kawai ake sallamawa tun da sauran numfashi. Kuma ko mun yarda ranar tafiyarsa ba ta matsawa, wa ya rubuta cewa sai ya tafi da gonarsa a jingine, ƴaƴansa ba mashin ba tumaki, alhali kuɗinsa na hannun wasu? Kowane ɗan makarantar allo ya san abin da addini ya ce game da haƙƙin ɗan ƙwadago da kuma mai hali da ke jan ƙafa wurin biyan bashi. Ba sai na yi wa kowa wa'azi ba. Ina dai roƙon malamanmu, in sun zo rufe taron makoki irin wannan, bayan nasihar haƙuri ga iyali, su ɗan juya su yi wa sahun gaba tasu nasihar.

Za a kuma ce ƙaramar hukuma ba ta da kuɗi. Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Ƙaramar hukumar karkara da me take rayuwa? Lanho da ake tarawa ta hannun masu gari, wanda shekarar da damina ta yi gardama ba mai iya matsa wa kowa, tikitin kasuwa, kuɗin kara na dabbobi, sai tallafin gwamnati da ke bi ta hukumar ANFICT, wanda ba a sa masa rana. A 2016 an fitar da dokar miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, aka ɗora musu kaya, igiyar ɗaurewa ba ta biyo ba yadda ya kamata. Duk na yarda. Amma asusun da ba shi da yawa ba asusun da babu komi ba ne. Kuɗi na shigowa, ranar kasuwa ma suna shigowa. Tambayar ita ce wa ke fara ɗiba. Ban taɓa jin motar shugaba ta kwana wata 9 ba mai ba. Ban taɓa jin an fasa tafiya taro a babban birnin jiha don ba kuɗin hanya ba. In babban baƙo zai zo, rumfa da kujeru da raguna da makaɗa daga ina suke fitowa? Lokacin da akwai majalisa, kuɗin zaman kansiloli ba ya kai wata 9 ba a biya ba, don su suna da bakin magana da ƙuri'ar tsige shugaba. Mai rajista ba shi da ko ɗaya. Man tafiya ɗaya zuwa Maraɗi da dawowa ya isa ya saya wa Sakatare maganin watanni.

Kuma doka ba ta bar wannan ga son ran shugaba ba. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 ya sa albashin ma'aikata cikin kuɗaɗen da tilas ne a biya, kuma wakilin gwamnati a gunduma shi ke duba kasafin kuɗi kafin a yi aiki da shi. Ke nan in ma'aikaci ya yi wata da watanni ba albashi, ba mutum ɗaya ne ya kau da kai ba. Akwai wanda ya tsara, akwai wanda ya sa hannu, akwai wanda ya duba ya ce ya yi.

Ga wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sakatare ya halarci tarukan bita da ba su ƙirguwa. Ƙungiyoyin waje da ayyukan raya ƙasa na son ofishin rajista ƙwarai, don alƙaluman haihuwa na shiga rahotanninsu. An horar da shi kan sabuwar doka, an horar da shi kan kwamfuta, an horar da shi kan yadda zai horar da wasu. A kowane taro akwai hutun ƙarfe goma da lemon kwalba da biskit da shayi mai kauri da sukari. An kawo kabad na ƙarfe don kada gara ta ci rajista, an kawo faranti mai hasken rana don kwamfuta. Takarda ta samu mai kare ta daga gara. Mutumin da ke rubuta ta, a cikin dukan waɗannan kwanaki na otal da ɗakin taro, ba a taɓa ware minti biyar an ɗaura masa abin awo a hannu ba. Alhali binciken da ma'aikatar lafiya ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007 ya nuna fiye da babba ɗaya cikin biyar a Nijar na da hawan jini. A ɗakin taro mai mutum 40 da suka haura shekara 40, sai ka ƙirga da kanka.

Wani zai ce ai akwai asusun CNSS. Akwai, amma mutane su san abin da yake rufewa: kuɗin iyali, haɗarin wurin aiki, da fansho. Ba ya sayen maganin sukari, ba ya biyan gwajin ƙoda. Ma'aikacin gwamnatin tsakiya, aƙalla a takarda, ana ɗaukar masa kashi 80 cikin 100 in ya kwanta a asibitin gwamnati. Na ƙaramar hukuma kuwa lafiyarsa na rataye ne a asusun da ya kasa biyan albashinsa. A 2019 an yi dokar da ta ba ma'aikatan ƙananan hukumomi matsayi nasu na kansu, aka yi murna, aka yi jawabai. Sakatare ya rasu bai ga inuwar dokar nan a kan takardar maganinsa ba ko sau ɗaya. Kuma ina ba duk ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke karanta wannan shawara, ya je da ƙafarsa ya tambaya ko abin da ake cirewa daga albashinsa da sunan fansho yana isa inda aka ce. Kada ya bar wa matarsa wannan binciken.

Hujjar da ta fi sabunta ita ce gwamnati ta riga ta yi nata. Gaskiya ne tun 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke jika 150 da mai wankin ƙoda ke biya kafin a fara masa. Wannan mataki ne na ƙwarai, wanda ya ƙi yaba shi bai yi adalci ba. Sai dai rabin kuɗi ga wanda aljihunsa ba ko dala, har yanzu kuɗi ne. Ragin bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi haya da abinci a birni ba, bai shafi maganin da aka rubuta aka ce a je kanti a saya ba. Sannan wankin ƙoda ƙarshen hanya ne. Sauƙaƙa shi alheri ne, amma abin da ya fi araha ga ƙasa da ga iyali shi ne kada mutum ya kai can, kuma wannan a CSI na ƙauye ake yin sa, da abin awo da tsinken gwaji da ƙwayar da ba ta yankewa. Mun ga yadda jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, da aka ayyana a 2006, ta bar asibitoci da tulin takardun bashi da ba a biya su a kan lokaci ba har kantunansu suka bushe. Kada wannan ragin ya bi sawunta. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. A shekarun nan Nijar ba ta kai can ba.

Akwai kuma masu cewa a ɓoye, ai shi ma da sakacinsa, me ya sa bai faɗa ba tun da wuri? Ya faɗa wa wa? Ma'aikacin da ba shi da uwa a gindin murhu ya san in aka ji yana da ciwon da ba ya warkewa, gobe za a fara nemo ɗan wane ya “taimaka masa”, jibi a karɓe mabuɗi. Shi ya sa suke ɓoyewa, su sa babbar riga su rufe kumburi, su ce gajiya ce. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma, in sun tashi, maganarsu bashin albashi da ƙarin girma, wanda daidai ne, amma ban cika jin sun sa awon lafiyar shekara cikin buƙatunsu ba. Jama'ar gari su ma da nasu kason. Da hotonsa ya fita a WhatsApp da sanarwar rasuwa, cikin yini ɗaya aka haɗa abin da ba a haɗa ba a shekara biyu na jinya. Kuɗin likkafani da na sadaka ba su taɓa wuya a garuruwan nan ba.

Abin da nake nema bai kai a kira taron ƙasa ba. Kantoman da ke zaune yau ba shi da majalisar da zai ce ta hana shi, sa hannunsa ya isa. Tsakanin ma'aikatar magajin gari da CSI a yawancin garuruwa ba ta kai tafiyar minti goma a ƙafa ba. A ware rana ɗaya a shekara, ma'aikata duka, daga sakatare har mai gadi da mai shara da masu yankan tikiti, su je a auna jini da sukari da fitsari, a sa kuɗin cikin kasafi da sunansa. Wanda aka samu da ciwo, maganinsa na wata ya fita tare da albashi, ko a yi asusun taimakon juna da ma'aikata da ma'aikatar za su riƙa zubawa. Kada a sa hannu kan takardar man mota a watan da ba a biya albashi ba. Kuma tunda kowace ma'aikata na da allon da ake manna sanarwa a bakin ƙofa, a manna jerin watannin da ake bin ta, kowa ya gani, har mai zuwa biyan lanho ya san inda kuɗinsa bai je ba. Wanda ya ga wannan ya yi tsauri, ya zo ya gaya mini wanne ne a ciki ya fi ƙarfin asusun da ke iya yanka rago don baƙo.

Game da Sakatare kuwa, albashinsa na wata 9 yanzu dukiyar marayu ce, kuma takardar da ya nema da ita tana nan cikin littafin wasiƙu da lambarta da kwanan watanta, da rubutun hannunsa. Ba sai an yi bincike ba.

Kafin magada su taɓa ko dala daga fansho, sai sun haɗa takardu, ta farko kuwa ita ce takardar mutuwa. Babban ɗansa ya je ma'aikatar sau biyu. Ofishin rajista a rufe yake. Yaron da aka ajiye na wucin gadi ya ce masa bai san wane littafi ake buɗewa ba, kuma an ce kada ya taɓa hatimi sai an naɗo wani. Mutuwa ma wa'adinta kwana 60 ne kamar haihuwa, in ya wuce sai gaban alƙali a babban garin gunduma, kuma mashin ɗin da ke kai irin waɗannan takardu an sayar da shi tun bara.